Sun ce mijina ya ba Hammansa rabin hantarsa, ni kuma na kasa barci

Maman Afra:
Assalamu alaikum jama'a. Admin dan Allah a bar min wannan ya wuce, abin ya fi ƙarfina ne. Yayan maigidana, Hamma muke ce masa, shekara biyu kenan yana fama da hanta, da farko aka ce shawara ce aka yi ta jiƙe-jiƙe har cikinsa ya kumbura kamar mai juna biyu, sau uku ana zuƙe masa ruwa, watan jiya kuma ya yi aman jini muka kwana a asibiti ba wanda ya runtsa. Yanzu an tura takardunsa Indiya sun ce sai dashe, kuma a zo da ɗan'uwa wanda zai bayar. Ran Juma'a aka yi zama a gidan Bappansu a Jekadafari, mu mata ba a kira mu ba, maigidan ya dawo bayan isha'i ya zauna bakin gado yana cire takalmi ya ce min shi aka tsayar. Haka kawai fa, kamar wanda za a aika Kumo ya dawo. Shekararsa 34, yaranmu uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba, hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi kuma ƙarfinsa shi ne rabin jarinsa. Da na ce a tsaya a bincika sai Goggonsu ta aiko wai hanta ai kamar zogale take, ko an sare sai ta tofo, wai ni ce nake son raba zumunci. Wlh ina ƙaunar Hamma, shi ya ba mijina jarin farko. Ni dai a gaya min gaskiya, wanda ya bayar yana mutuwa? Yana komawa daidai?

Ummu Haidar:
Innalillahi. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki. Kullum haka ne, zama ba mata, in jinya ta zo kuma matan ne a gindin gado.

Ɗan Dukku:
Baiwar Allah kwantar da hankalinki, Goggo ta yi gsky, na gani a YouTube sati shida ta koma yadda take. Ai ta fi ƙoda ma sauƙi tunda ita ƙoda in ta tafi ta tafi kenan

Yaron Bajoga:
Kafin a kai ga wuƙa ku gwada na gargajiya mana, akwai wani dattijo ta wajenmu kwalba biyu kawai yake bayarwa

Adda Nas:
Kai Yaron Bajoga ka ji tsoron Allah. Mutum na aman jini kana maganar kwalba? Hantar da ta riga ta ƙanƙance ta yi tauri duk abin da ka ɗura mata ƙarin wahala ne, mu da muke karɓarsu a wod da ƙarfe biyun dare mu muka sani. Dokta kana kusa? Zo ka yi mata bayani.

Likitan Bolari:
Wa alaikumus salam. Maman Afra tambayarki tana kan hanya, likitocin dashe da kansu sun fi shekara 30 suna bincike a kanta, kar kowa ya sa ki ji kamar kin yi laifi. Ni ba likitan dashe ba ne, na ciki ne, amma mu muke shirya masu tafiya kuma mu muke karɓarsu in sun dawo.

Bari in fara da Ɗan Dukku. Eh hanta tana ƙaruwa, amma ba irin ta zogale ba. Ɓarin da aka yanke ya tafi kenan da jijiyoyinsa da hanyar maɗaciyarsa, wanda ya rage ne yake girma ya cike gurbi, makonnin farko da sauri, daga nan a hankali har wajen shekara, kuma sau da yawa ba ya kai girman da cif-cif. Shi ya sa ba a bayarwa sau biyu. Maganar ta fi ƙoda sauƙi kuwa, akasin haka ne. Masu ba da ƙoda wajen 3 cikin 10,000 ne suke rasuwa sanadin aikin. Na hanta akwai babban binciken da aka fitar a 2013, an tambayi cibiyoyin dashe na ƙasashe daban-daban, cibiyoyi 71 suka amsa, cikin mutum 11,553 da suka bayar 23 sun rasu, wato kusan 1 cikin 500. Wajen 1 cikin 4 sun gamu da wata matsala, biyar kuma sai da su ma aka yi musu dashe. Ki kuma lura wannan lissafin waɗanda suka yarda suka amsa ne.

Sannan ya danganta da wane ɓari. In ƙaramin yaro za a ba, ɗan yanki ake cira daga hagu, wajen kashi 20 cikin 100, da irinsa ma aka fara cin nasara, 1989 a Brisbane ta Ostireliya wata uwa ta ba ɗanta. Babba irin Hamma kuwa yawanci ɓarin dama ake ɗauka, kashi 60 ko sama da haka, wannan tsakanin babba da babba sai 1996 aka fara shi a Hong Kong kuma shi ne mai nauyin. A taron masana na Vancouver a 2005 an ƙiyasta mutuwa a ɓarin dama za ta iya kai 1 cikin 200, a na hagu 1 cikin 1000. Kin ga kenan abin da suke ce wa rabi ya ma fi rabi.

Maman Afra:
Dokta 1 cikin 200?? Jikina ya yi sanyi wlh

Abu Sumayya:
To ai 199 sun tashi. Mu da muke bin hanyar Dukku da daddare a motar haya wa ya taɓa yi mana lissafi? Ni abin da nake gani a nan, da girmamawa, maganar 'yan'uwa ce ciki ɗaya, mace ba ta da ta cewa. Namiji ya ce ya yarda shikenan, kwana in ya ƙare ko a kan katifa ne sai an tafi.

Adda Nas:
Abu Sumayya ya yarda ne ko an tsayar da shi? Koma ka karanta. A gaban Bappa da dattawa wane ƙani ne zai buɗe baki ya ce a'a ga wanda ya ba shi jari? Kuma wadda ka ce ba ta da ta cewa ita za ta riƙe yara uku wata uku ba shago.

Likitan Bolari:
Abu Sumayya yana da rabin gaskiya, mafi yawa suna tashi lafiya, kuma amfanin ga mara lafiya ba wasa ba ne. Amma bambancinsa da sauran tiyata shi ne wannan mutum lafiyarsa ƙalau ya shigo da ƙafarsa, ba abin da jikinsa zai ƙaru da shi. A 2002 a New York wani ɗan jarida ya ba ɗan'uwansa ɓarin hanta, kwana uku bayan aikin ya rasu, wanda aka ba ya rayu. Abin ya girgiza Amurka, aka dakatar da shirin asibitin na wani lokaci, yawan masu bayarwa ya faɗi. A shekarar ne kuma aka fara wani dogon bincike da ake kira A2ALL, cibiyoyi 9 suka haɗu suna bin masu bayarwa da masu karɓa shekara da shekaru. Sun gano wanda ya samu daga ɗan'uwa mai rai ya fi tsira a kan wanda ya zauna jiran layin hantar mamaci. Sun kuma gano cikin masu bayarwa 740, kashi 40 cikin 100 sun samu matsala ko da guda ɗaya. Yawanci ƙanana ne da suka warware cikin shekara, ciwon ya yi ruwa, zazzaɓi, ruwa ya taru a gefen huhu, yoyon maɗaciya. Waɗanda suka fi daɗewa su ne ƙaba a wajen ɗinki da damuwa a rai. Abin da muka fi tsoro kuma gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, shi ya sa ake tada mutum ya taka tun washegari ko yana kuka.

Baban Khairat:
Na daɗe a guruf ɗin nan ban taɓa magana ba amma yau dole. Ni na bayar. Mahaifina na ba, ɓarin dama, a Indiya, yanzu shekara biyar kenan, Baba yana nan da ransa jiya ma shi ya ja mu magariba. Ba na nadama ko kaɗan, amma Maman Afra zan gaya miki abin da ni ba a gaya min ba.

Ejan ɗin da ya haɗa mu da asibitin ce min ya yi sati biyu zan koma aiki. Ƙarya ce. Gwaje-gwaje kaɗai sun ci mana fiye da sati biyu, jini kamar za su ƙarar da ni, suka sa ni cikin na'ura suka auna hantar suka lissafa nawa zai rage min, suka ce in bai kai kashi 30 ba ba za su taɓa ni ba ko Baba zai mutu a gabansu. Suka yi hoton hanyoyin maɗaciya, suka duba zuciya, suka haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa ni kaɗai ba Baba ba ejan. Sai kwamiti, ana ɗaukarmu a bidiyo, suka ce in nuna tsoffin hotunanmu tare, Allah Ya taimaka akwai na sunan ƙanwata, ga gwajin DNA, ga takarda daga ofishin jakadancinmu, har takardar amincewar matata sai da suka nema, Abu Sumayya ka ji.

Da na farka akwai roba a hancina, roba a wuya, wata ta fito ta gefen ciki tana zuba cikin 'yar jaka. Kwana na huɗu ruwan jakar ya koma kore-kore, na ga nas ta kalle shi ta fita da sauri ba ta ce min komai ba, ashe maɗaciya ce take yoyo daga inda aka yanka, sai da suka zura min abu ta baki suka sa ɗan bututu, kwanana 16 maimakon sati ɗaya. Akwai wani abin busawa mai ƙwallaye uku da suke ba ka, ka ja numfashi su tashi, wlh ni da nake ɗaukar buhun siminti na kasa tada ƙwallo biyu. In zan yi tari sai na rungume filo. Sujada kuwa sai da na yi wata ɗaya da rabi ina sallah a kujera. Jakar maɗaciyar ma sun cire ta gaba ɗaya, haka ake yi wa masu ba da dama, na yi watanni in na ci abu mai maiƙo sai bayi.

Abin da ya fi min ciwo ba ma wannan ba ne. Da muka dawo Gombe gida ya cika, kowa Baba ya jiki, Baba sannu, ni ina ɗaki ina zazzaɓi ba wanda ya leƙo sai matata da Dada. Kuɗin da aka tara duk na Baba ne, ba wanda ya yi lissafin wata huɗun da zan yi ba sana'a. Da na je asibiti kuma aka ce ina takardar aikin da aka yi maka, babu, fayil ɗin Baba kaɗai muka taho da shi.

Ummu Haidar:
Allahu Akbar. Allah Ya saka maka da Aljanna Baban Khairat, na yi hawaye wlh

Maman Afra:
Na gode Baban Khairat, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Yanzu kana iya ɗaukar kaya? Don shi nawa buhun masara da wake ne aikinsa

Baban Khairat:
Ina ɗauka amma na yi gaggawa, wata biyu na koma shago na ɗaga abin da bai kamata ba, yanzu akwai ɗan kumburi a ƙarshen ɗinkin in na yi tari yana fitowa, sun ce sai an sake ɗan aiki an sa raga. Ki ce masa wata uku ko galan ɗin ruwa kar ya yarda, ya samu yaro a shago tun kafin ya tafi.

Ɗan Dukku:
To ni fa da wannan wahalar ba gara a samo wani yaro mai ƙarfi a biya shi ba, a ce ƙaninsu ne? Mutane na cikin talauci wani zai yarda

Adda Nas:
Subhanallah. Shi yaron ba uwa ce ta haife shi ba? Ka manta Ekweremadu? Tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa guda, 2023 kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8 a kan ya kai wani yaro ɗan talla daga Legas a cire masa ƙoda. Nan gida dokar lafiya ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, Indiya tasu tun 1994, kuma ba ka ji an ce har DNA suke yi ba?

Ɗan Dukku:
Tambaya ce fa kawai Adda, a yi haƙuri

Malam na Herwagana:
Tambayar ma gara da aka yi ta a fili. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta mai rai ya ba da sashen jikinsa, da sharaɗin ba abin da rayuwarsa ta dogara a kai ba ne, amfanin da ake fata ya rinjayi cutarwar, kuma mai bayarwa ya zama mai hankali da ya yarda da kansa. Sayarwa kam sun hana. Akwai malaman da ba su yarda da dashen ba gaba ɗaya, suna cewa jiki amana ne ba mallakarka ba, amma mafi yawa sun tafi a kan halacci. Abin da nake so dangin su gane, halal ne, sadaka ce babba, amma ba wajibi ba ce. Wanda ya ji ba zai iya ba bai yanke zumunci ba, kuma yardar da aka karɓa da kunya a gaban dattawa ni ban ga ta cika yarda ba. Abu Sumayya, tawakkali ai bayan an ɗaure raƙumi ne.

Abu Sumayya:
Na karɓa Malam. Amma dai kar a manta akwai mutum kwance yana jiran mutuwa, duk muna ta maganar mai lafiya

Likitan Bolari:
Ba a manta ba, kuma maganar Hamma ita ma tana cikin lafiyar mai bayarwa. Dole a tabbatar dashen zai amfane shi kafin a yanka ƙaninsa. In akwai ciwon daji a hantar, akwai ma'aunin da aka fitar a Milan ta Italiya a 1996, ƙulli ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙulli har uku kowanne bai wuce 3 ba, kuma bai shiga jijiya ko ya fita waje ba, a nan ne sakamako ya fi kyau, in ya yi nisa da haka yakan dawo. Sannan bayan dashe zai sha maganin danne garkuwar jiki irin su tacrolimus har ƙarshen ransa, da gwajin jini a kai a kai, in ciwon hanta na B ne ga maganinsa shi ma kullum. Na ga gidan da suka sayar da gona da fili aka yi aikin lafiya, wata takwas kuɗin magani ya gagara. Ku zauna ku yi wannan lissafin tun yanzu, ku sa na mijinki a ciki.

Ku tambayi asibitin kai tsaye ba ta bakin ejan ba, dashe nawa suke yi a shekara, sun taɓa rasa mai bayarwa, wane ɓari za su ɗauka kuma kashi nawa zai rage masa, in matsala ta taso wa zai biya. Wanda ya ce miki ba haɗari ko kaɗan ku tashi ku bar wajen. Kuma akwai abin da ya kamata mijinki ya sani shi kaɗai, yana da ikon fasawa har ranar aikin, cibiyoyin kirki in ka gaya musu a keɓe ba za su tona ka ba, cewa kawai za su yi bai dace da bayarwa ba. Da yawa ma gwaji ne yake cire su, kitse a hanta, ƙiba, suga, rukunin jini, ko yadda jijiyoyin suka rarrabu.

Adda Nas:
Dokta ka bar babba. Maman Afra me ya kawo wa Hamma ciwon? In B ne, su duka 'yan ɗakin su je a gwada su kafin a sayi tikiti ko a nemi biza. A nan ƙasar binciken 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, kuma yawanci tun ana jarirai ko ana yara ake ɗauka, daga uwa ko tsakanin yaran gida, aska ɗaya, kaciya, sakiya, shi ya sa sai ki ga ɗaki guda duk suna da shi ba wanda ya sani. HBsAg sunan gwajin, ba tsada, ko'ina a Gombe ana yi. Ke ma ki yi da yaran.

Maman Afra:
B ne Adda, haka aka rubuta a katinsa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba wlh. Gobe in sha Allah

Maman Afra:
Jama'a na dawo, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru, gidan ne ba daɗi. Na nuna masa duk abin da kuka rubuta, na Baban Khairat sau biyu ya karanta bai ce komai ba, da asuba ya je ya samu Bappa ya ce a gwada kowa. Su biyar suka je, uku suna da shi, har da Addarsu da take cewa ita lafiyarta ƙalau, an ce su koma a duba yawan ƙwayar. Maigidan ba shi da shi, sai autansu, shi kuma shekararsa 17. Ni da yara ba mu da shi alhamdulillah. To yanzu kun ga ba ma sauran zaɓi, ido duk ya dawo kansa, Goggo har ta ce Allah ne Ya ware shi. Amma takardarsa akwai wani layi anti-HBc an sa fozitif, Dokta mene ne wannan kuma?

Likitan Bolari:
Yana nufin ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa jikin ya danne ta. Ba ya hana bayarwa kai tsaye, cibiyoyi da yawa suna karɓa musamman in wanda za a ba dama B ne da shi kuma zai ci gaba da magani, amma sai sun ƙara gwaji sun ga lafiyar hantar tasa. Autan kam a cire shi a lissafi, ƙasa da 18 ba a ɗauka, in gwajinsa ya nuna ba shi da kariya a yi masa rigakafi, ke ma haka, yaran a duba katinsu. Ukun nan kar su yi wasa, akwai maganin tenofovir ga wanda ya cancanta, da sikanin da gwajin jini duk wata shida, kar a sake samun wani Hamman. Shi maigidan me ya ce da bakinsa?

Maman Afra:
Daren jiya na tambaye shi, na ce in da ba Bappa ba Goggo ba kowa fa? Ya daɗe shiru sannan ya ce zai bayar, amma yana jin tsoro, kuma tunda aka fara maganar nan ni ce na fara tambayarsa. Ya ce in rubuta masa tambayoyin Dokta a takarda ya sa a aljihu. Ya kuma ce ba inda za shi sai an ware kuɗin gida na wata huɗu an damƙa min a hannu, Bappa ya ɗan ɓata rai amma ya yarda. Baban Khairat dan Allah in ba damuwa yana so ya kira ka, wai akwai abin da zai tambaye ka wanda ba zai iya tambaya a gabana ba

Baban Khairat:
Ba damuwa, admin ya ba shi lambata. Ko ya bari in na taso kasuwa in biyo ta Tudun Hatsi bayan la'asar, gara ya ga tabon da idonsa.